Ranar da Bakina Ya Kira Sunan Ɗan Farina

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu. Ku ara mini kunnuwanku, 'ya'yana. Ga ta nan tafe, amma ba tatsuniya ba ce.

Ɗan farina kuku ne a gidan wani ma'aikacin jakadanci. Duk ƙasar da aka tura maigidan, da shi ake tafiya. Sun zauna Barazil, daga baya aka kawo su nan Alƙahira, unguwar Muhandisin. Da matarsa Saratu ta haihu, farkon shekarun tamanin in ji masu boko, aka ɗauko ni daga ƙauye in yi mata wankan jego.

Kun san al'adarmu. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi. Ni "yaron nan" nake cewa.

Sai ciwo ya sallamo. Ƙafafun ɗan nawa suka kumbura, hawa bene ya gagare shi. Ran nan ya yanke jiki ya faɗi a kicin, ludayi a hannu.

A asibiti likita ya tambaya ko ni ce uwarsa, yana neman tarihin jikinsa. Na kau da kai don kunya. Ya ɗauka maƙwabciya ce, ya ce da Larabci, "Ma'alesh, ya hajja," wato in yi haƙuri, aka rufe ƙofa.

Kwanaki suna wucewa, magani bai kama ba. Ina kan benci. Duk gadon da aka turo lulluɓe da farin zane, sai in miƙe in leƙa.

Na durƙusa a wurin, na ce Ubangiji ya taimaki yaron nan. Sai na ji a zuciyata: wane yaro? Bakina ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Da ƙyar na ce, "Bitrus. Bitrus ɗana ne, Yesu, kada ka bar shi!"

Nan take na tuna. Da ya zo gida daga Barazil, ina daka na ji yana ba ƙannensa labari: sun kwana a ɗakin laka a wata gona, ƙwaro ya cije shi a fuska, ido ɗaya ya daɗe a kumbure. Ranar dakana kawai na ci gaba da yi.

Na buga ƙofar likita, na ce ni ce uwarsa, na ba shi labarin ƙwaron. Saratu ta fassara. Aka aika jininsa ƙasar waje, amsa ta dawo: cutar Shagas, wadda irin ƙwaron nan ke kawowa. Likita ya ce takan yi shekaru kwance a jiki kafin ta kama zuciya, kuma ba ciwon ƙasar nan ba ne, shi ya sa bai neme ta ba.

Na gode wa Yesu! Ku dogara gare shi, ku buɗe baki.

Ciwon bai fita duka ba. An sa wa Bitrus ɗan inji mai daidaita bugun zuciya a ƙirji, yana shan magani, an hana shi ba da jini. Saratu har yau takan kara kunne a ƙirjinsa. Likita yanzu yakan tambayi baƙi ƙasashen da suka taɓa kwana.

Ni kuwa kowace safiya sai na kira Bitrus, in riƙe numfashi har ya amsa.