Sarkin Tsoro Bai Saki Ba

Assalamu alaikum.

Shugaban ƙungiyar agajin gaggawa, babban editan gidan jaridarmu, malam limamin unguwa, shugaban matuƙan kwalekwale da mutanensa, ina gaishe ku. Inna, mahaifiyar marigayi, da Baffa, da uwar 'ya'yansa da yaran da ke jikinta, ƙannensa maza da mata, har da autarsu da ke tsaye can bakin ƙofa, abokan aiki da maƙwabta: sannunku da zuwa, sannunmu da haƙuri.

An ce in yi magana a madadin mu da muka yi aiki da shi. Ni ɗan jarida ne. An koya mini in faɗi abin da na gani, in kuma ware shi daga abin da aka gaya mini, kuma haka zan yi yau. Sai dai ku yi mini uzuri. Tun ranar da abin ya faru, ko fankar ofis aka kunna sai gabana ya faɗi.

Ya kasance mai tsoro. Na san ba da wannan ake fara yabon mamaci ba, amma da na fara da wani abu daban, duk wanda ya san shi zai ce ba shi nake nufi ba. A ɗakin labarai Sarkin Tsoro muke ce masa, yana kuma amsawa. Mai ɗaukar hoto ne da ba ya shiga taro sai ya ga ƙofar fita. Ba ya zama a mota sai ya ja bel ɗin ya ji ya kama. Ruwa kuwa, ko gada muke haurawa sai ya kawar da kai daga taga.

Ya kasance mai tsoron ruwa, kuma shi ne ya fara ɗaga hannu lokacin da ƙungiyar agaji ta zo neman masu taimako a ambaliyar farko. Suna da kwalekwale, ba su da ido a sama. Mu kuma muna da ƙaramin jirgin nan mara matuƙi mai ɗauke da kyamara, wanda muke kira Zanzaro saboda ƙararsa. Ƙanwarsa Auta ce ke tuƙa shi. Shi ya koya mata riƙe rimot, har ta fi shi, ya kuma faɗi hakan da bakinsa ba tare da an matsa masa ba.

Bari in bayyana wa waɗanda ba su taɓa shiga kwalekwale da mu ba abin da yake yi. Idan unguwa ta nutse, ba filin da Zanzaro zai sauka. Kwalekwale ba ya tsayawa wuri ɗaya, ruwa na jan sa, ga mutane cike a ciki. Shi kuma jirgin, in batirinsa ya yi ƙasa, inda ya tashi yake nema ya koma, alhali wurin nan mun bar shi tuni, ba komai a can sai ruwa. Saboda haka dole wani ya miƙe tsaye a gaban kwalekwale yana tafiya, ya ɗaga hannu, ya cafke shi daga sama. Farfela huɗu ke juyawa a jikinsa, kowace tana yanka nama kamar reza.

Ba wanda ya so aikin. Shi ya ɗauka. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Ku jarumai ne, za ku yi gaggawa. Ni tsoro ba zai bar ni in yi gaggawa ba."

Ya kasance ba ya yarda da sa'a. Kafin mu taɓa ruwa, sai da ya sa muka yi ta gwaji a harabar ofis, yana tsaye a bayan akori-kura, direba na tafiya a hankali, masu shayin bakin titi na yi mana dariya. A can ya kafa ƙa'idojinsa. Rigar ruwa, safar hannu mai kauri da tabarau, ko zafi zai kashe mutum. Jirgi ya zo ta gefen da iska za ta tura shi waje, ba kan mutane ba. Ba a bin sa da hannu, jira ake ya zo. Ta ciki ake kama shi, daga ƙasa, hannu a miƙe sama da kai. Wani ya riƙe wa mai kamun ɗamarar rigarsa ta baya, kuma ni ne mai riƙon. In ya kama sai ya ce, "Na riƙe." Auta kuma ta danne sandar rimot har injin ya mutu, sannan ta ce, "Sauke." Tsakanin maganarsa da tata, ko me ya faru, ba a saki, ba a sauke hannu.

Duk fita sai Kyaftin, mai tuƙa mana kwalekwale, ya tsokane shi. "Sarkin Tsoro, yau ma an ƙirga yatsun?"

"Goma na fito da su, Kyaftin, goma Inna ke jira."

Auta ta ce, "Yaya, in kana wannan rawar jiki, jirgin ma tsorata zai yi."

"Ke dai riƙe rimot ɗinki. Ni na goya ki, na san nauyin hannunki. Wa ya karya mana eriyar rediyo?"

"Wallahi ba ni ba ce!"

"To aljani ne mai kitso."

Haka suke yi har jirgin ya kusanto. Daga nan sai shiru, ba ka jin komai sai ƙarar Zanzaro tana cika kunne. Ta ɗamarar da nake riƙe nakan ji bayansa yana kaɗawa. Hannunsa kuwa ban taɓa ganin ya motsa ba.

Ya kasance idon mutanen da ba wanda ya san inda suke. Da hoton da ya cafko aka gano iyalin da suka maƙale a saman rufin makaranta, da tsohon da ya ɗaure kansa a jikin tankin ruwa. Wasunsu suna zaune a nan. Ba su san fuskarsa ba sai a hoton da ke bayana.

Yanzu zan zo kan ranar, domin na ji ana ba da labarinta iri-iri. Na ji an ce mai tuƙi ce ta makara wajen kashe inji. Na ji an ce ta rikice. Ina cikin kwalekwalen. Bayan haka na zauna da Kyaftin shi kaɗai, na zauna da matar da muka ɗauko ita kaɗai, ban gaya wa ɗaya abin da ɗaya ya ce ba. Ga abin da bakinmu ya haɗu a kai.

Da hantsi ne, rana tar. Mun ɗauko wata mata da jaririnta da surukarta daga saman wani shago, suna zaune a tsakiyar kwalekwale, daidai bayan ƙafafunsa. Batirin Zanzaro ya yi ƙasa, ya juya da kansa zai koma inda ya tashi. Auta ta ƙwace shi, ta dawo da shi ta gefen da ya dace, ta sauko da shi sannu a hankali. Ban taɓa ganin ta kawo shi da kyau kamar ranar ba. Ya kama. Ya ce, "Na riƙe." Ta danne sandar.

A daidai nan ƙasan kwalekwalen ya daki katangar wani gida da ruwa ya shanye. Ba wanda ya gan ta, ruwan jajir yake da laka. Kyaftin ya kife kan injinsa. Ni na faɗi ta baya, ɗamarar ta fita daga hannuna. Auta ta bugu da bencin zama, rimot ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin ƙafafun mutane. Injin jirgin bai riga ya mutu ba. Da ya ji an karkata shi sai ya ƙara wuta yana neman miƙewa, ƙararsa ta koma kamar ihu.

Daga inda nake kwance ƙafafunsa kawai nake gani. Abin da ya biyo baya, matar ce ta gani, kuma ga yadda ta faɗa mini. Ta ce, "Malam, mutumin nan faɗuwa yake yi, kuma kanmu zai faɗo da abin nan. Na rufe yaron da jikina. Na ga ya dube mu, ya dubi ruwa. Sai ya juya."

Da ya saki, da ya samu hannun da zai dafa gefen kwalekwale. Da ya saki, da farfela huɗu sun sauka kan mace da jariri. Ba a ce masa "Sauke" ba, bai kuwa sauke ba. Ya tafi da shi cikin ruwan da ya fi tsoro a duniya, hannunsa a sama. Igiyar ruwa ta ja shi ƙarƙashin wani rufin kwano da ya rufta. Da aka same shi washegari, rigar ruwansa na ɗaure yadda ya saba ɗaure ta.

Jaririn nan yana layi na biyu, a bayan uwarsa. Kuna jin kukansa tun ɗazu. Ko ƙwarzane babu a jikinsa.

Inna, ki gafarce ni, zan yi miki magana a gaban mutane. Na san ba ki taɓa ce wa Auta ita ce sanadi ba. Ita ta shigo gida ranar tana cewa, "Hannuna ne, Inna, hannuna ne," ke kuma ba ki samu bakin amsa mata ba, har yau. Ba wanda zai ga laifinki, ɗa kika rasa. Amma tun daga ranar yarinyar nan ba ta ci abinci a gabanki ba. Yayyenta sun gaya mini a bakin kogi suke samo ta, tana zaune tana kallon ruwa. Wannan ya fi komai ba ni tsoro. Mun binne ɗaya, Inna. Muna tsoron kada shiru ya ɗauke mana na biyu.

Yatsanta na kan sandar lokacin da muka daki katanga. Ta faɗi, ni ma na faɗi, Kyaftin da ya tsufa a kan ruwa shi ma ya faɗi. Katanga ce a ƙarƙashin ruwa. Wannan shi ne abin da ya faru, kuma duk wanda zai ba da labarin daga yau, ya ba da shi haka.

Saura magana ɗaya. Damina ba ta ƙare ba, kogi na ƙara tasowa, kuma an kawo wa ƙungiya sabon jirgi. Mun ƙara ƙa'ida: ba za a sake kamu a kan unguwar da ta nutse ba sai an fita sarari, an rage gudu, wani yana gaba da gora yana taɓa ƙasa. Amma dole dai wani ya miƙe ya ɗaga hannu. Na ce ni zan yi, domin ni na fi kowa kallon yadda yake yi. Matata ta yi kuka. Ni ma da na sa safar hannunsa jiya don in gwada, sai da na nemi wuri na zauna. Tsoro nake ji, jama'a, irin wanda ban taɓa ji ba. Ina fata irin nasa ne.

Sharaɗina ɗaya, kuma na faɗa wa shugaba. Ba zan ɗaga hannuna ƙarƙashin jirgin kowa ba sai nata. Ni ma yatsu goma gare ni, ina da masu jira na a gida, kuma ban san hannun da na yarda da shi kamar nata ba. Ba yau ba, Auta, ba gobe ba, sai ranar da kika ji za ki iya, kuma sai Inna ta sa miki albarka. In ranar ba ta zo ba, ba ki ci bashin kowa ba. Abin da nake roƙo yau bai kai wannan ba. Inna, tun da aka fara taron nan 'yarki take tsaye a bakin ƙofa, kujerar da ke kusa da ke kuwa jakarki ce a kai.

Na gode, Inna.

Auta, ƙaraso. An ɗauke jakar. Ku ba ta hanya, don Allah. Zan jira ki zauna.

Muna godiya ga duk wanda ya bar aikinsa ya zo, ga matuƙan da suka neme shi ba su gaji ba, da maƙwabtan da ba su bar gidan nan ya yi shiru ba.

Ya Allah, Kai ka san tsoron da bawanka ya ɗauka ya miƙe tsaye da shi saboda bayinka. Ka musanya masa shi da aminci. Ka gafarta masa, Ka yalwata makwancinsa, Ka raya 'ya'yansa cikin kulawarka. Ka sanyaya zuciyar mahaifiyarsa da ta matarsa, Ka sauke wa ƙanwarsa abin da ta ɗora wa kanta. Mu kuma da za mu koma kan ruwa, Ka nuna mana abin da ke ƙarƙashinsa, Ka dawo da mu ga masu jiran mu.

Amin.