Madarar Ƙetaren Rafi

Mai girma shugaban taro, shugabar ƙungiyarmu, likitan dabbobi, direban tankarmu da ke hamma can baya, iyayena mata, 'yan'uwana masu tatsa, assalamu alaikum.

Ina godiya da kuka ba mai gwajin madara damar magana, ko da yake na san da yawanku kun fi son ganin ƙeyata a kan fuskata.

Magana ta farko, dokarmu ta ce duk matar da madararta ta faɗi gwaji sau uku, an cire ta daga ƙungiya. Dokar tana da hujja, domin wake ɗaya shi ke ɓata gari, bokiti ɗaya mai tsami yana lalata tanki guda. Ni ma na ɗaga hannu ranar da aka kafa ta.

Ta biyu, mun yi dokar ne don masu ƙara wa madara ruwa, amma matan nesa take kamawa. Akwai wata baiwar Allah a ƙetaren rafi, muna ce mata Gwaggo. Mijinta ya rasu ya bar mata shanu biyu da 'ya'ya huɗu. Tana tatsa da asuba kamar kowa, tana wanke bokitinta fiye da kowa, sannan ta ɗora a ka ta yi tafiyar awa biyu, rana na dukan murfin. Sau biyu ina mayar da ita. Jiya na ɗiga maganin gwaji, madarar ta sake tsinkewa. Ta dube ni ta ce, "'Yata, rubuta abinki, ba laifinki ba ne. Amma ki faɗa musu ba saniyata ce ta ba ni tsami ba, hanya ce."

Wallahi kunya ta kama ni, har yanzu ba ta sake ni ba.

Ta uku roƙo ne. A bar tanka ta riƙa tsayawa a bakin rafi. Direba da bakinsa ya ce ƙarin minti ashirin ne kacal a kan tafiyarsa.

Ban zuba madarar Gwaggo a tanki ba, amma ban rubuta faɗuwarta ba. Na karya dokarku, ga ni gabanku. Ga takardar, ga alƙalami. Duk wanda ya taɓa ɗaukar lita goma a ka, ya yi awa biyu a rana ya iso da ita lafiya, ya taso ya rubuta ta ukun.

Allah ya yi wa dabbobinmu albarka, ya sauƙaƙa wa na nesa, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.