Ajin Zaɓaɓɓu

A tashar bas ta ƙofar jami'a a birnin Irbid, wata dattijuwa ta zauna kusa da wata ɗaliba tana fifita da takarda.

"'Yata, ke ma karatun dogon hutun kike yi?"

"Eh, Inna."

"To warware mini. Ɗana Yazan ya ce makarantar lauyoyi ta Ingila ba ta ko kallon takardar wanda bai yi shi ba. Maƙwabciyata kuwa ta ce raina shi suke yi. Maganar wa zan kama?"

"Wallahi ni ma malamai uku na tambaya, na samu amsa huɗu."

"Huɗu kuma?"

"Ɗayan ya sauya magana kafin in kai ƙofa. Wane darasi ɗan naki yake ɗauka?"

"Dokar kwangila. Wai na zaɓaɓɓu ne, mutum ashirin kacal."

"Lah, ai ajinmu ne! Amma Inna, na waɗanda suka faɗi ne."

"Suka faɗi a ina?"

"A jarrabawa mana. Ni karo na biyu ke nan."

"A'a, to ba Yazan ɗina ba ne."

"Dogon nan mai tabarau, mai zama can baya?"

Dattijuwar ta daina fifita.

"To su mutanen Ingilar, za su gane?"

"Wasu sun ce maki kawai suke dubawa, wasu sun ce..."

"Ya isa. Jiya ubansa ya tara dangi, aka yanka rago, aka ci mansaf, shinkafa da nama har da ƙari, don murnar an zaɓe shi. 'Yata, don Allah, ni da ke ba mu taɓa haɗuwa ba."