Ginshiƙai Takwas

A layin shiga ofishin gwamnatin yanki, wata mai ɗinki ta ƙwanƙwasa ɗaya daga cikin ginshiƙan bakin ƙofa, ta juyo wajen dattijon da ke bayanta.

"Baba, ji fa, kamar ganga! Ashe ba komai a cikinsu?"

"Ado ne, 'yata. Yayin lokacin ke nan, shekara arba'in da suka wuce. A kwaikwayi ginin mutanen da, a shafa masa fenti."

"Shi ya sa ko rufin ba su taɓo ba? Ƙatti takwas a tsaye, ba aikin fari balle na baƙi. Kamar ma'aikatan cikin ofishin."

"Iya bakinki. Har lambar yabo ginin nan ya ci."

"Wanda ya ba shi bai ƙwanƙwasa ba."

"Ko tsagewa ba su taɓa yi ba. Ni na duba su, na sa hannu."

"Au, ku ne masu duba gini? To ga takardarku. Wai ginshiƙin shagona ya yi siriri, ranar Litinin za a rushe."

"Ai doka ce..."

"Nawa shekara goma sha biyu yana ɗauke da rufi, Baba. Naka me suka ɗauka da za su tsage?"