Bangon Gidan Ƙurban

"Mumini ba ya yi wa gidansa inshora a birnin Manzo," in ji wani dattijo a bencin ƙofar shagon zinariya.

Wani ɗalibi da ke gefensa ya ce, "Baba, an ce a unguwar Uhudu kuɗinta ba yawa."

"Ko kyauta ce, ya waladi, ɗana. Ni a unguwar Ƙurban nake, bakin kwari. Bara ambaliya ta ci bangona, bana ta ƙara. Kullum Allah yana kawo mafita."

"Ta ina, Baba?"

Dattijon ya sunkuyar da kai. "Matata Hajiya nake jira."

A cikin shagon Hajiyar, wata tsohuwa, tana murza hannunta da sabulu. Da ƙyar awarwaron da ya rage mata ya fita, ta ɗora shi a sikeli.