Muryar da ke Cikin Faifai

A kasuwar Ikara, wata dattijuwa, Veronica, ta kawo tsohuwar kwamfutarta wurin mai gyara, tana riƙe da faifan CD.

Ya duba ya ce, "Mama, faifanki lafiya lau. Kwamfutar ce ba ta ganin na'urar da ke karanta shi. Wataƙila waya ce ta kwance a ciki. Ki bar min kwamfutar da faifan zuwa gobe."

"A'a, ɗana, faifan nan ba ya kwana a waje."

"Waƙoƙi ne? Sai in tura miki wasu."

"Bikin 'yata ne. Marigayi maigidana ya yi addu'a a ciki. Na fara manta muryarsa."

Ya jawo mata benci.

"Zauna, Mama, yanzu zan buɗe ta. Ni ko hoton babana ba ni da shi."