Ruwan da Na Fesa wa Garinmu

Kuɗin motar da suka kai ni Ikko ƙarnin kifi suke yi. Inna ce ta sayar da tarun Baba, shekara guda bayan mun binne shi a gindin tsamiyar bayan gida, ta ƙulle sulallan a tsumma ta cusa mini a aljihu. Kai Bala, tunda ka ce da kaka za ka bi abokanka ci-rani, matso nan. Ku ma sauran jikokin ku ajiye wayoyin nan, kakanku zai yi surutu.

Ba a nan Kontagora aka haife ni ba. Ƙauyenmu yana can gaba da Auna, a bakin kogin Kwara. Nan dai na zo na hau motar shanu, na kwana tsaye tsakanin ƙahonni har Ikko. Ina sauka wani ya kwaɗa mini kira, "Gambari!" Na ce ikon Allah, ashe har nan an san ni Bakambare ne. Sai daga baya na gane duk wanda ya fito daga Arewa haka suke kiransa, ko Bafillace ne.

Na yi dako, na yi gadi, kafin na faɗa hannun Oga Bankole. Shi kuwa sana'arsa gina ƙananan gidaje. Ba na kaji ba, kada ku yi dariya. In za a gina asibiti ko gada, sai a fara yin ɗan ƙaraminsa da katako da kwali, wanda za ka ɗora a kan tebur, manya su zagaye shi suna nuni da sanda. "Modal" suke ce masa. Oga ya taɓa aikin jirgin ƙasa a Zariya, yana da 'yar Hausarsa mai ɗingishi. Shara ya ɗauke ni, amma ranar da ya tarar na sassaƙa ɗan kwalekwale da guntun katako, sai ya karɓe tsintsiyar ya ce, "Gambari, zo ka gaida iyaburoshi."

Na gyara riga, na zaci wata dattijuwa ce, tunda duk tsohuwa a can Iya ce. Ashe wani ɗan ƙarfe ne kamar alƙalami, da siririn tiyo a gindinsa, yana hura fenti da iska. Fentin launi ba shi da wuya. Mai wuyar shi ne na ƙarshe, banish, wanda ba shi da launi ko kaɗan, aikinsa kawai ya sa abu ya yi sheƙi. Sai ka tsarma shi da tina, ka tace da tsohuwar safa, ka yayyafa wa daɓe ruwa don kada ƙura ta tashi. Fesawar farko sama-sama, ka bari ta kama. Ta biyu ce ake jiƙawa sosai, hannu yana tafiya a hankali ba tsayawa. In ka yi nisa ya fito da kurji-kurji irin na ɓawon lemo, in ka matsa da yawa ya zubo da hawaye. Tsakanin kurjin da hawayen akwai wani ɗan lokaci da abin yake buɗe ido ya dube ka. Wallahi na so lokacin nan, har mafarkinsa nake yi.

Son nan ne ya haɗa ni da mai gidan hayarmu, Iya Risi. Na ari babban kwanon wankinta na kife wani ɗan gida da nake gwaji a kai.

"Gambari! Ina kwano?"

"Yana aiki, Iya."

"Kwano yana aiki, ni ina zaune? Miyata ma warin gareji take yi!"

Ta ɗaga kwanon da fushi, ta ga ɗan gidan yana walƙiya. Ta duƙa ta gyara ɗankwalinta tana kallon kanta a jikin rufinsa, sannan ta ce gobe in biya kuɗin sabulu.

A shekarata ta huɗu aka kawo mana aiki mafi girma: modal na madatsar ruwan da ake ginawa a Kwara, da tafkin da zai taru a bayanta, don a nuna wa baƙi ranar buɗewa. Faɗinsa ya kai tabarma uku. Muna ɗora tuddai da farar ƙasa, sai na ga hannuna ya san hanya. Ga kwanar da kogi yake yi, ga dutsen da muke shanya taru, ga ɗan kwarin da gidanmu yake. Oga ya miƙo mini shuɗin fenti ya ce daga wannan layi zuwa wancan duk ruwa ne.

"Oga, nan garinmu ne."

"Da garinku ne. An gina musu sabo a kan tudu."

Dariya na yi. Mu 'yan bakin kogi mun san ruwa. Kowace shekara yana hawowa ya ci gefen gona, ya gaishe mu, ya koma. Ko a shekarar babbar ambaliya bai taɓa saiwar tsamiyarmu ba. Na ce a raina mutanen takarda ba su san halin Kwara ba, na shafe garinmu da shuɗi ina 'yar waƙata.

Ana cikin haka Ɗanlami, mai kawo busasshen kifi daga wajenmu, ya neme ni har shago. Ya ce, "Inna ta ce ka zo ka yi sallama da kabarin mahaifinka kafin ruwa ya iso."

Na gaya wa Oga. Ya dafe kai.

"Wa zai fesa mini tafki? Hannuna rawa yake yi yanzu. Ruwa ya yi sheƙi, ka tafi, ni zan saka ka a jirgi."

Na ce wa Ɗanlami ya ce mata ina nan tafe. Aikin kwana kaɗan ne, kuma ko ruwan ya riga ni, ai zai janye da rani.

To, damina ce, kuma daminar Ikko ba irin tamu ba ce, iskar kanta jiƙaƙƙiya ce. Na fesa, da safe muka ɗaga murfin da muka rufe shi da shi, tafki ya yi fari-fari kamar an zuba tsari. Banish ba ya shiri da laima. Muka jira ya bushe, na goge da samfefa mai laushi, na sake, ya sake yin hazo. Wata rana ya fito tas, sai ga ɗan ƙuda ya mutu a tsakiyar tafki, ƙafafu sama. Oga ya zagi ƙudan har kakanninsa. Haka mako ya bi mako. Wani lokaci in na duƙa ina gogewa, shuɗin yakan yi siriri har in ga inuwar kwarinmu a ƙasa, sai in ji kamar sautin dakan Inna yana tasowa daga cikin katakon.

Ranar da rana ta fito da gaske, muka ɗumama gwangwanin banish a ruwan zafi, muka rufe tagogi, na riƙe numfashi na bi tafkin daga wannan gaɓa zuwa waccan. Ya kwanta lumui. Oga ya kira ni ya ce in leƙa.

"Me ka gani?"

"Fuskata."

"Fenti fa? Katako fa?"

"Ban gan su ba."

"To ya yi. In kana ganin abin da ke ƙasa, aiki bai yi ba."

Ya cika alkawari, har da sabon agogo ya ɗaura mini. Daga jirgi na hau mota, na sauka a Kontagora da akwatin ƙarfe da gemun da na tara a Ikko, ina jin kaina. Amma hanyar garinmu da na sani, tun kafin in hango dutsenmu ta nutse cikin ruwa. Na tsaya a gaɓa. Ba kogi ba ne wannan, ba ya tafiya, ba ya magana. Da ganinsa na san ba baƙon da zai koma ba ne.

Na sami Inna a sabon gari, cikin ɗakin siminti, tana tsince wake.

"Ka zo?"

"Na zo, Inna."

"Ruwa ya riga ka."

Ta ci gaba da tsince wakenta, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na yi kuka a bayan ɗakin nan kamar ba ni ne mai agogo ba.

Da sassafe ta ce in ari kwalekwalen maƙwabci. Ina tuƙi, tana zaune a gaba tana duban kan dutsen da ya rage a waje da wani tudu a hayi, tana cewa dama, hagu, ƙara kaɗan. Can ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Nan ne tsamiyar."

Babu iska ko kaɗan. Muka jira rawar ruwan ta kwanta, na leƙa. Ban taɓa ganin sheƙi irin wannan ba, nawa na Ikko wasan yara ne. Na ƙura ido ko zan ga reshe, ko katanga, ko tudun kabari. Ba komai sai sama, da wani mutum mai gemu da faɗin goshi irin na Baba yana kallona daga ƙasa.

Inna ta matso ta dafa kafaɗata, ita ma ta leƙa. Ta daɗe.

"Ka gan shi ko?" in ji ta. "Har gemun. To, gaishe shi."

Na ɗaga hannu na yi masa addu'a, shi ma ya ɗaga nasa. Filafilin yana kan cinyata, ban yarda na tsoma shi a ruwa ba har rana ta take.